Dou Mingshan, Wanda Ya Nemi Ƙafafun Barewar Lujing

An haifi Dou Mingshan a watan tara na shekarar 1924, shekarar Ɓera a lissafin gargajiya, a ƙauyen Nanpo da ke bakin kogin Huan, cikin gundumar Anyang ta lardin Henan. Mahaifinsa shi ne Dou Fugen, manomin auduga da damina, mai wata sana'ar dabam da sanyi. Mahaifiyarsa kuwa Huo Lian, 'yar Lujing ce, wato Rijiyar Barewa, wani ɗan gari a gindin duwatsu, tafiyar yini guda a ƙafa yamma da birni. Shi ne ɗansu na biyu, kuma shi kaɗai ya rayu.

Sana'ar mahaifinsa

Nanpo na cikin ƙauyukan da ke zaune a kan kufan birnin sarakunan Shang, kuma a wancan zamani da wuya a sami manomin da garmarsa ba ta taɓa tono ƙashin duba ba. Waɗannan su ne allunan kafaɗar shanu da ɓawon kunkuru da masu duban fada suka yi aiki da su fiye da shekara dubu uku da suka shuɗe: a ɗana wa ƙashi wuta har ya tsage, a karanta amsa daga tsagar, sannan a sassaƙa tambayar sarki a gefenta da wuƙa. Dillalai daga Beijing da Tianjin suna rububin masu rubutu, marasa rubutu kuwa sai masu magani su kwashe su daka.

Dou Fugen bai ga hikimar barin ƙashi ya zauna haka nan ba alhali yana da wuƙa kuma yana da hannu. Bai san ko harafi ɗaya ba, amma idonsa ba ya mantuwa. Yakan ɗauki tsohon ƙashi na ainihi wanda ba komai a kansa, ya sassaƙa masa alamomin da ya gani a wasu, ya cusa ƙasa a cikin sassaƙar, ya turbuɗe shi a bayan garke har ya ɗauki kamannin tsufa. Ya ƙware har ta kai wasu dillalan suna ture na gaske su zaɓi nasa, saboda nasa sun fi kyan gani. Ba za a yi wa maganar ado a nan ba: jabu yake yi, yana haɗa shi a kwando ɗaya da abin da ya tono da gaske, kuma da wannan kwandon aka ciyar da gidan aka kuma sa Mingshan a makaranta.

Karatu

Ya shiga makarantar ƙauye a 1931, sannan ya wuce ta gaba da ita a cikin birnin Anyang a 1936, inda yaƙi ya katse masa karatu bayan shekara ɗaya. A 1942 fari da fara suka haɗu suka cinye lardin, iyalin Dou suka bi ayarin masu gudun yunwa zuwa yamma. A farkon 1943 Dou Fugen ya rasu a hanya, kafin su kai iyakar Shaanxi, aka naɗe shi a tabarma aka rufe shi a gefen titi ba tare da wata alama ba. Daga baya ɗansa ya koma neman wurin har sau biyu, bai gane shi ba.

Bayan yaƙi mahaifiyarsa ta koma Lujing wajen ƙaninta, shi kuma ya sami shiga kwalejin horar da malamai a Kaifeng daga 1946 zuwa 1950. A nan ne ya koyi karanta rubutun ƙasusuwan da ya tashi yana tuntuɓe da su a tsakar gida, kuma a nan ne ya fahimci irin ɓarnar da hannun mahaifinsa ya yi wa ilimi. Abin ya tsaya masa a rai, bai kuwa faɗa wa kowa ba a lokacin.

Aiki da aure

Ya koyar da tarihi a wata makaranta a Anyang daga 1950, kuma a 1953 aka mayar da shi ofishin kula da kayan tarihi na gunduma, inda ya yi aiki har ya yi ritaya. A 1951 ya auri Yan Shulan, ma'aikaciya a masaƙar auduga, mace mai saurin hannu da saurin baki, wadda ta riƙe gida shekara arba'in da takwas ba ta taɓa yarda cewa ƙashin da ba a dafa miya da shi yana da wani amfani ba. Sun sami 'ya'ya uku tsakanin 1952 da 1959.

Fannin da ya zaɓa shi ne sunayen wurare. Sarakunan Shang ba sa fita farauta ko yaƙi sai sun tambayi ƙashi, kuma a cikin tambayar sukan ambaci inda za su. Aikin Dou shi ne gano ina ne waɗannan wurare a ƙasar yau, da kuma ko akwai sunan da ya tsira a bakin jama'a. A 1956, a cikin wani littafi na bugun tawada, wato hoton rubutu da ake ɗaukowa in an ɗora takarda a kan ƙashi an shafa mata tawada, na ƙasusuwan duba da wani attajirin Tianjin ya tara, ya ci karo da guntun allon kafaɗa mai tambaya ko sarki zai je farauta ya dawo lafiya. Alamar wurin farautar ita ce rijiya da barewa tsaye kusa da ita. Ƙashin ya karye daga ƙasa, kuma karayar ta tafi da ƙafafun barewar na baya. Dou ya auna sunan da na kogi da tudun da aka ambata tare da shi, ya bi tsofaffin littattafan gunduma da duwatsun haikali har zuwa zamanin sarakunan Tang, fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma a 1957 ya buga maƙalar da ta fitar da sunansa, inda ya kafa hujja cewa garin mahaifiyarsa yana amsa suna ɗaya tun shekara dubu uku. Shekara guda bayan haka hukuma ta sauya wa garin suna zuwa Shengli, wato Nasara, kamar sauran garuruwa barkatai a lardin, har mai raba wasiƙu ma ya daina sanin wace Nasarar ake nufi.

Maganar 1962

A kaka ta 1962 tsufa ya sa Huo Lian ta dawo birni wajen ɗanta. Ran da ta iso, tana zaune tana shan ruwan zafi, sai idonta ya sauka a kan bugun tawadan nan, wanda Dou ya sa a gilashi ya rataye a bango.

"Af! Barewar babanka ce wannan," in ji ta. "Ina ka samo ta?"

"Ta Baba kamar yaya, Inna?"

"Yo ba ita ce ta shekara a cikin tukunyar gerona ba? Kullum in na zo ɗibar gero sai na ture ta. Ya ce mini, ke 'yar Lujing, ga garinku nan, ga rijiyar ga barewar. Sai da gero ya ƙare sannan ya ba dillali."

Dou ya ajiye kofinsa. "Inna, tono ta ya yi ko sassaƙa ta ya yi?"

"Kai ɗan nan, ni na sani? Mutumin da ko ni ce na tsaya ba motsi sai ya sassaƙa mini rubutu a goshi."

Matarsa ta fashe da dariya, tsohuwar ma ta taya ta. Shi dai bai yi dariya ba. Ya san mahaifinsa ba ya karatu, amma rijiya da barewa hotuna ne, ko yaro zai gane su, kuma ba abin da ya fi kama da halin Dou Fugen irin ya haɗa alamomi biyu don ya tsokani matarsa. Idan haka ne, maƙalar da ta ɗaukaka shi tana tsaye ne a kan wasan da miji ya yi da matarsa.

A 1963 ya je Tianjin ya riƙe ƙashin da hannunsa. Tsohon ƙashi ne babu shakka, amma wannan ba hujja ba ce, tunda mahaifinsa ma a kan tsofaffin yake aiki. Sassaƙar ta kai har bakin karaya, amma wannan ma ba hujja ba ce, domin gwanayen jabu sukan ja wuƙa ta fita ta bakin karaya da gangan. Masanan da ya nuna wa suka rabu biyu. Abu ɗaya kaɗai zai raba gardama, shi ne a sami ɗaya guntun a cikin ƙasar da ba wanda ya taɓa: in yana ɗauke da ƙafafun barewar, to rubutun ya riga karayar, in kuwa fili ne, to aikin Nanpo ne. A 1964 ya buga ɗan taƙaitaccen bayani a wata ƙaramar mujalla, ya faɗi shakkarsa, ya kuma faɗi sana'ar mahaifinsa ƙarara. Mutum biyu aka tabbatar sun karanta shi: matarsa, da wani wanda ya adana shi har lokacin hargitsin siyasa ya zo, ya kafa hujja da shi aka tura Dou kiwon aladu daga 1969 zuwa 1973.

Huo Lian ta rasu a 1965. Da yake mijinta ba shi da kabarin da za a kwantar da ita kusa da shi, aka kai ta Lujing aka rufe ta a gefen gonar ƙaninta, a wajen maƙabartar dangi, kamar yadda ake yi wa macen da ta yi aure a wani gida.

Dutsen ƙofar gari

A 1981, lokacin da ake bin gari gari ana tantance sunaye a duk ƙasar, Huo Dashuan, ɗan kawun Dou kuma shugaban garin Lujing, wanda har lokacin ake kira Shengli, ya zo birni da buhun gero da kaji biyu. Taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa yin hira ba tare da faɗa ba.

"Ɗan goggo, sunanmu muka zo karɓa," in ji Dashuan. "Mun gaji da Nasarar nan, ba mu ga abin da muka ci ba. An ce mu kawo hujja, mun kai takardarka."

"Wacce daga ciki? Biyu na rubuta."

"Mai kyan mana."

"Dashuan, ka saurare ni. Wataƙila babana ne ya sassaƙa wannan ƙashin. Ku nemi sunanku da duwatsun haikali, sun isa, amma ku bar zancen shekara dubu uku."

"Kai dai karatu ya ɓata ka. Kakana ya ce barewa ce ta nuna wa mutanen farko rijiyar nan. Kai ma ka rubuta, an buga da inji. Yanzu kuma don mun zo da kaji biyu kacal shi ne za ka ce wataƙila?"

"Ba zancen kaji ba ne."

"To na ƙara ɗaya. Shulan, karɓi geron nan, mijinki ba shi da lafiya."

An mayar wa garin sunansa a 1982, kuma a wannan shekarar mutanen Lujing suka yi karo-karo suka kafa dutse mai tsawon mutum a ƙofar gari. An rubuta a kansa cewa sunan garin ya shekara dubu uku, bisa binciken Malam Dou Mingshan. An gayyace shi bikin kafawa, ya ce ƙafarsa na ciwo. Daga nan malaman makaranta suka fara kawo ɗalibai suna karanta musu dutsen, amare suna ɗaukar hoto a gabansa, tsofaffi suna shafa shi in za su wuce. Kowane labari irin wannan da ya iso birni sai ya ƙara masa damuwa, domin a ganinsa ya yaudari dangin uwarsa, ya sa sun sassaƙa ƙaryar ubansa a dutse da sunansa a ƙasa.

Duk shekara, ranar sharar kaburbura, wajibi ne ya je wurin mahaifiyarsa, kuma hanyar mota ta gaban dutsen take bi. Sai ya tsiri sauka tun kafin a kai gari, ya bi ta kwazazzabo, ya ɓulla ta bayan garken awaki da tsintsiyarsa da turarensa, ya yi abin da ya kawo shi ya koma ta inda ya fito. Ya yi haka shekara goma sha uku, matarsa na biye da shi tana cire ƙaya daga wando tana faɗin abin da ta ga dama.

Ritaya

Ya ajiye aiki a 1984, ya kuma ba da sauran ƙarfinsa ga haɗa guntaye, aikin da masu wannan fanni suka san ba ya ƙarewa. Ya zana bakin karayar ƙashin Tianjin a kan takarda shara-shara, kuma duk littafin bugun tawada da ya fito sai ya bi shi shafi shafi yana ɗora takardar a kan kowane guntu. Guntayen da aka buga sun kai dubbai masu yawa, kuma ba wanda ya yi masa alkawarin cewa nasa yana cikinsu, domin mai yiwuwa tun kafin a haife shi wani mai magani ya daka shi an sha da ruwan zafi. Idonsa ya yi rauni, aka ƙara masa tabarau, ya ƙara da gilashin hannu.

"Tsararrakinka suna can suna yawo da jikoki a bakin kogi," matarsa takan ce, "kai kana nan kana neman ƙafar barewa. In ka same ta ka kawo in sa a miya."

Shekarar 1995

A bazarar 1995 aka fitar da littafin wasu ƙananan guntaye da masu tonon kayan tarihi suka kwaso tun 1976 daga wani rami a kudancin Nanpo, gab da tsohuwar gonar audugar gidan Dou. Ramin yana ƙarƙashin daɓen wani gini na zamanin Shang, kuma rahoton ya tabbatar ba hannun da ya shige shi tun ranar da aka daɓe. Wata safiya, bayan karin kumallo, Dou ya ɗora takardarsa a kan wani guntu da bai kai akwatin ashana ba, sai bakin karayar ya zauna daidai. A saman guntun akwai 'yan layuka biyu masu kofato.

Bai yarda da takarda ba, domin ta sha yaudararsa. Ya nemi a haɗa ƙasusuwan biyu wuri ɗaya, kuma bayan doguwar kai-komo tsakanin ofisoshi aka amince, a watan goma aka ɗauko na Tianjin zuwa Beijing inda ƙaramin yake. Shulan ta ce ba za ta bar shi ya shiga jirgin ƙasa shi kaɗai da irin wannan idon ba, saboda haka tana wurin aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Wata ma'aikaciyar wurin ta tura ƙaramin guntun jikin babban a hankali. Ya shige ba tare da an matsa ba. Ƙafafun suka haɗu da cinyoyin, tsagar wuta da ta fara a babban guntu ta ƙarasa a ƙaramin, kuma tambayar sarki da ta shekara aru-aru a yanke ta cika: zuwa da dawowa, ba wata musiba.

Dou ya nemi kujera ya zauna. Waɗanda suke wurin sun ce ya cire tabarau ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, kukan farin ciki da na sauke kayan da ya ɗauka tun 1962.

"Bai taɓa shi ba, Shulan," in ji shi. "Tonowa ya yi. Baba bai sa masa wuƙa ba."

"Na ji, tsoho, na ji. Share hancinka, mutane na kallo." Ita ma tana goge nata idon da hannun riga. "Ni dai na gode an huta da kwazazzabo."

A ranar sharar kaburbura ta 1996 mota ta sauke su a ƙofar Lujing. Ya tsaya gaban dutsen ya karanta shi daga sama har ƙasa, karo na farko a rayuwarsa. Dashuan, wanda a lokacin yake dogara sanda, ya fito yana kallonsa.

"A'a, ɗan goggo, yau awakinmu ba za su sami baƙo ba ke nan?"

"Ashe kun sani?"

"Duk shekara muna zaune a kan katanga muna kallonka kana rarrafe. Mun ɗauka wani sabon bincike ne."

Dou ya yi dariya har sai da ya riƙe dutsen. Daga nan ya wuce gefen gona, ya share kabarin mahaifiyarsa, ya kunna turare, ya durƙusa ya ba ta amsar tambayar da ita ba ta taɓa damuwa da ita ba.

Ƙarshen rayuwa

A wannan shekarar ya buga maƙalarsa ta ƙarshe, shafi biyu da hoton ƙasusuwan a haɗe, ya kuma rabar da littattafansa ga tsofaffin ɗalibansa. Shekaru ukun da suka rage masa su ne mafi sauƙi da ya gani. Ya yi ƙiba, ya koyi zama a bakin kogi ba tare da takarda a hannu ba, ya rinƙa kai jikokinsa cin taliya a kasuwa, kuma iyalinsa sun shaida cewa a lokacin ne suka fara jin yana ba da labarin mahaifinsa yana dariya.

Rasuwa

Dou Mingshan ya rasu a gidansa da ke Anyang a watan goma sha ɗaya na shekarar 1999, shekarar Zomo, bayan gajeruwar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da biyar. An ƙone gawarsa bisa dokar da ta shafi ma'aikatan gwamnati, kuma da yake gidan Dou ba su da maƙabarta tun zamanin yunwa, dattawan dangin Huo suka aiko cewa a kawo musu tokar. An rufe ta a Lujing kusa da mahaifiyarsa, sannan aka matsar da shingen maƙabartar dangi har ya kewaye su biyun.

Ya rasu ya bar matarsa Yan Shulan da 'ya'ya uku: Dou Jianhe, injiniyan jirgin ƙasa a Zhengzhou, Dou Ruilan, malamar asibiti a Anyang, da autarsu Dou Ruimei, malamar makarantar firamare, da jikoki biyar. Mutanen Lujing, waɗanda ba su taɓa shakkar sunan garinsu ko na rana ɗaya ba, har yau ba su gane abin da ya sa dattijon ya wahalar da kansa haka ba. Amma su suka haƙa kabarin, kuma ba su bar ko mutum ɗaya daga birni ya taɓa shebur ba.